Anti, in sayar da gwal ɗina in biya kwas ɗin jinom na kwana biyar?

Saƙon nan daren Laraba ya shigo min, dogo ne sosai sai na rage shi, na kuma cire sunan wurin aikinta kamar yadda ta roƙa.

"Assalamu alaikum Anti. Ni haifaffiyar Jidda ce, a Hindawiyya na tashi. Maikurobayoloji na karanta, shekara shida kenan ina aiki a lab ɗin wani kamfani da ke dafa abinci mai yawa, har na alhazai lokacin mausim. Aikina kullum shuka samfur a faranti in duba ko akwai ƙwayoyin cuta irin su Salmonella ko Listeria. To bara mudir ɗinmu, wato manaja, ya fara tura samfura waje ana karanto DNA ɗinsu gaba ɗaya, yanzu ma maganar sayo injin ake, an kuma ɗauko wani yaro da bai fi shekara da gama jami'a ba wai shi ya iya bayo'infomatiks, duk mitin shi ake kira ni ko a waiwaye ni. Na ga tallan wani kwas na kwana biyar a Dubai har da satifiket, amma kuɗinsa da tikiti da otal sai na sayar da gwal ɗin da Umma ta tara min na aure. Umma ta ce ba da yawunta ba. Wlh Anti ji nake jirgi zai tashi ya bar ni. Me kika gani?"

Wa alaikumus salam ƙanwata. Bari in fara da abin da kike jira, kar ki sayar da gwal ɗin nan, ki je ki gaya wa Umma hankalinta ya kwanta. Ba wai karatu bai kai a sayar masa da gwal ba, a'a, sai dai abin da kike nema, wato karanta jinom (duka harufan DNA na halitta) da tantance shi da kwamfuta, abin da ake ce wa bayo'infomatiks, ba a kwana biyar ake samunsa ba ko a wane gari ne, kuma rabinsa yana hannunki tun shekara shida ba ki lura ba, ɗaya rabin kuma zube yake a intanet kyauta ba mai tambayarki ko riyal ɗaya.

Na taɓa zuwa irin kwas ɗin nan ai, wurin aiki ne suka biya min lokacin ina lab. Rana ta farko gabatarwa da gahawa da dabino, ta biyu hotuna a allo, ta uku aka zaunar da mu gaban kwamfutocin da an riga an shirya komai a ciki, malamin ya ce ku kwafi wannan layin ku danna, muka danna, bishiya, wato zanen da ke nuna dangantakar ƙwayoyi, ta fito da rassa kala-kala muka yi ta murna kamar mu muka dasa ta. Rana ta biyar hoto da satifiket. Na dawo gida na buɗe laftof ɗina, ko manhajar farko ta ƙi hawa, wani jan rubutu kawai take watso min ban san me take nufi ba, na rufe na tashi na ɗora girki. Ba na ce duk kwas yaudara ba ne fa, akwai nagari, amma wanda ke cin moriyarsa shi ne wanda ya riga ya sha wuya wata uku huɗu shi kaɗai ya zo da tambayoyinsa a rubuce. Ke a yanzu kallon kitse kike wa rogo.

Toh menene ma aikin? Shi injin nan da ake ta zuzutawa, Illumina ne ko ɗan ƙaramin MinION na Oxford Nanopore da bai fi tafin hannu ba, abu ɗaya ya iya, karanta harufan DNA, A da T da G da C. Salmonella na da haruffa wajen miliyan 4.8, Listeria wajen miliyan 3. Illumina ba ya karanta su a jere daga farko zuwa ƙarshe, yayyanka su ake gutsi-gutsi, haruffa 150 zuwa 300, ya karanta miliyoyin gutsattsari ya zube miki su a fayil kamar an yaga littafi an watsa a tsakar gida, kwamfuta ce za ta sake haɗa su. Amma kafin a kai nan wa ya ba injin abin da zai karanta? Ke. Ke kika auna giram 25 na kazar nan kika zuba a mil 225 na ruwan fefton, ya kwana a inkubeta a digiri 37, kika juya shi ruwan reno na RVS a digiri 41.5, kika shafa a farantin XLD, da safe kika ɗaga faranti a haske kika gane ɗigon nan mai baƙi a tsakiya a jan fili, kika san wanne ne abin zargi wanne ne wata ƙwaya daban, Proteus, ke miki wasan kwaikwayo, kika tsince shi shi kaɗai kika sake shukawa har ya fito tsantsa. In wannan matakin ya gurɓace to duk abin da zai biyo baya shirme ne mai tsada, injin ba zai ce miki kin haɗa ƙwayoyi biyu ba, karantawa kawai zai yi. Yaron da kike jin haushinsa, ki gwada miƙa masa faranti biyu ki ce ya nuna miki, inaga za ki ga ido ya raina fata.

Bari in ba ki labarin da har yau in na tuna sai gabana ya faɗi. A wani lab da na yi aiki mun tura ƙwayoyi uku aka karanto, ɗaya daga salak ɗin wani kicin, biyu daga wasu wurare daban da ba abin da ya haɗa su. Sakamako ya dawo duka ukun iri ɗaya sak, ko harafi ɗaya bai bambanta ba. Mai kwamfutar namu ya taso jiki na rawa wai mun kama ɓarkewar cuta, a rubuta rahoto a rufe kicin ɗin, kuma fa kicin ne da mutane ke ci da iyalansu da shi. Wata dattijuwar ma'aikaciya da ko imel ba ta son buɗewa ita ta ce tsaya tukuna, wace rana aka shuka su? Aka ɗauko littafin benci, rana ɗaya, benci ɗaya, kuma ranar ce aka fito da ƙwayar gwaji ta lab ɗin, wadda muke ajiyewa a firiza don tabbatar da faranti na aiki. Aka kwatanta, ita ce. Mu muka zuba ta da hannunmu. Kuma ni ce a bencin ranar, ban canja safar hannu ba tsakanin aiki biyu. Da tsohuwar zuma ake magani ƙanwata, littafin benci mai tabon shayi ne ya ceci mutanen nan.

To amma kar ki ji na yabi benci ki ce shikenan kin huta. Jirgin da kike ji zai tashi da gaske tashi yake. A Amurka tsarin bin diddigin cututtukan abinci na PulseNet da hukumar yaƙi da cututtuka ta CDC ta kafa a 1996 shekaru ya yi yana amfani da tsohuwar hanyar PFGE, wadda ke fito da zane-zane kamar lambar jikin kaya a kanti, a 2019 suka koma karanta jinom gaba ɗaya. Har ISO, hukumar ma'aunai ta duniya, ta fitar da ma'auni na musamman kan wannan aiki a 2022, ISO 23418, kinga kuwa abin da ya shiga ISO ba daɗewa zai iso kan teburin mudir ɗinki. Nan ƙasar kuma da mafi yawan abincinmu ta jirgi yake shigowa, ki tsaya kusa da mina, tashar jirgin ruwa ta Jidda, ki ga kwantenonin kaza da nama, ga miliyoyin baƙi a Makka da Madina ana dafa musu a tukunya ɗaya cikin zafin da kin sani, ga Hukumar Abinci da Magunguna ta Saudiyya, SFDA, da aka kafa tun 2003 kullum ƙara matsawa take. Kin tuna abin da ya faru a Riyad a Afrilun 2024, mutum 75 suka kwanta daga cin abincin wani gidan baga, ɗaya ya rasu, ƙarshe aka gano ƙwayar Clostridium botulinum mai dafi a mayonis. Duk gidan da ya ji wannan labarin ya san aikinku ba wasa ba ne. Don haka koyo dole ne, hanyar ce kawai muke gyarawa.

Ga abin da zan yi da ni ce ke. Laftof ɗin da kike da shi ya isa, jinom ɗin bakteriya ƙarami ne ba kamar na mutum ba mai haruffa biliyan 3. In Windows ne ki ɗora Ubuntu, wani nau'in Linux, ta WSL, hanyar da Windows ke gudanar da Linux a cikinsa, ki zauna da baƙin allon nan na Linux rabin awa kullum bayan dawam, wato in kin tashi aiki, shiga folda, fita folda, kwafe fayil, ƙirga layi, abin zai ba ki haushi sati biyun farko kamar koyon tuƙi a titin Madina da yamma, daga baya hannu ya saba. Darussan Data Carpentry na jinom kyauta suke kuma daga sifili suke farawa. In baƙin allon ya tsorata ki da farko ki shiga Galaxy, shafi ne da kike danna maɓalli su kwamfutocinsu su yi miki aikin, suna da darussansu ma a jere. A Coursera akwai kwas ɗin jami'ar DTU ta Danmak kan karanta jinom ɗin bakteriya, su ne ma masu ResFinder da ake duba ƙwayar da ta daina jin magani da shi, Wellcome Connecting Science ta Ingila ita ma ta yi darussa a kan haka. Turanci dai ba makawa, amma wanda kika yi jami'a da shi ya wadatar.

Sai babban abin, kar ki tsaya kallon bidiyo kamar mai kallon musalsal. Ki shiga shafin NCBI, ma'ajiyar bayanan DNA ta Amurka, akwai ɓangaren Pathogen Detection da rumbun SRA, dubban ɗaruruwan ƙwayoyin Salmonella da Listeria ne a ciki da lab-lab na duniya suka zuba, ciki har da na GenomeTrakr na hukumar FDA ta Amurka. Ki sauke guda ɗaya tak. Ki buɗe fayil ɗin FASTQ da idonki ki ga kowane guntu layi huɗu ne, suna, haruffa, alamar tarawa, sai layin inganci. Ki sa shi a FastQC, manhajar duba ingancin karatun. Ki fahimci me Q30 ke nufi, wato kuskure ɗaya cikin haruffa dubu. Ki lissafa sau nawa aka karanta kowane wuri, don karatu ɗaya ba shaida ba ne, ana son sau talatin zuwa sama. Ki haɗa gutsattsarin da manhajar SPAdes sannan ki duba tsawonsa, in Salmonella ce aka ce miki kika ga ya fito miliyan 9 to ba sabuwar halitta kika gano ba, ƙwayoyi biyu ne a cakuɗe, ke da kika san benci nan take za ki gane inda aka yi ɓarnar. Daga nan MLST, hanyar gane nau'in ƙwaya mai duba jin bakwai (jin yanki ne na DNA mai aiki guda), sai cgMLST da ke duba wajen 3,000 a Salmonella a shafin EnteroBase. In kin iya da ɗaya ki ɗauko goma ki zana bishiyarsu. Python da R, yarukan rubuta manhaja, su biyo baya a hankali, ba yanzu ba, kar wani ya ruɗe ki wai sai kin zama injiniyar kwamfuta.

Kashedi ɗaya da babbar murya, bayanan kamfaninku ba naki ba ne. Kar zumuɗi ya sa ki ɗauki fayil ɗin samfurin wurin aiki ki loda a wani shafi na waje ba da izini a rubuce ba, ko don gwaji ne. Wannan kaɗai ya isa ya raba mutum da aikinsa, mu kuma masu igama, takardar zaman ƙasa, kin san aiki ba albashi kaɗai ba ne. Ki yi atisayenki da bayanan da aka riga aka sake wa duniya.

Yanzu ga ɓangaren da masu talla ba sa faɗa don ba ya sayuwa, wato fassara. Bishiya ta nuna ƙwayoyi biyu 'yan uwa ne na kusa, toh sai me? Kusa nawa ne kusa? Babu lamba ɗaya da ta dace da kowace ƙwaya. Salmonella Enteritidis, ta ƙwai da kaji, dama can kamanninta ya yi yawa, sai ki ga bambancin haruffa kaɗan tsakanin ƙwayoyin da ba su taɓa haɗa gona ba. Kuma ko sun fito iri ɗaya bishiya ba ta gaya miki wa ya shafa wa wani, kazar ce ta kawo ta kicin ko katakon yanka ne ya shafa wa kazar. Sai an koma kan rana, lambar kaya, wa ya kawo, wa ya ci, yaushe ya fara gudawa.

Ki dubi Jamus a 2011. E. coli O104:H4 ta kama mutum kusan 4,000, sama da 50 suka mutu. Hukuma a Hambug ta yi gaggawar ɗora laifi kan kokwambar Sifaniya, manoma suka tafka asara, ashe ba ita ba ce. Cibiyar BGI ta Sin ta karanta jinom ɗin ƙwayar cikin 'yan kwanaki ta sake shi a intanet, masana daga ko'ina suka yi masa rubdugu, aka gane wace irin ƙwaya ce da inda ta samo dafinta. Amma jinom bai faɗi abincin ba. Masu bin diddigi ne suka bi mutanen da suka ci abinci a wani gidan abinci, suka zauna da mai dafawa ya faɗi abin da ke cikin kowane faranti ɗaya bayan ɗaya, sai ga tsiron hulba da ake barbaɗawa a kan salak, wanda masu ci ma sun manta sun ci shi. Eh hulba dai, wadda Umma ke jiƙa miki, irin daga Masar aka shigo da shi. A Afirka ta Kudu kuma 2017 zuwa 2018 Listeria ta kama mutum 1,060 ta kashe 216, cibiyar cututtuka ta ƙasar, NICD, ta nuna da jinom cewa mafi yawansu nau'i ɗaya ne, ST6, amma an yi watanni ba a san daga ina ba, ita Listeria ga ta da rayuwa a firij ga ta da jinkirin nuna kanta har makonni. Sai da wasu yara a gidan reno a Soweto suka kwanta aka ɗauki naman foloni, wani sarrafaffen nama, da suka ci, aka bi shi har masana'anta a Polokwane, aka shafo samfur a can ya dace da na marasa lafiya, ministan lafiya Aaron Motsoaledi ya sanar ranar 4 ga Maris 2018. Ki lissafa hannu nawa ne a aikin nan, wanda ya shafo magudanar ruwan masana'anta, wadda ta shuka, wanda ya karanta, wanda ya yi wa iyaye tambayoyi.

Shi ya sa maganar yaron nan nake so ki sauke ta daga zuciyarki. Na san da ciwo, shekara shida kina shaƙar warin faranti a zo a kira ɗan jiya mitin a bar ki. Amma ba kishiyarki ba ne, malaminki ne na kyauta da Allah ya kawo miki har ofis, kuma shi ma a tsorace yake in kin lura, ya san bai san daga ina fayilolin nan ke fitowa ba. Ki same shi a wurin aiki ki ce ƙanena mu yi musaya, ka nuna min yadda kake bi da fayil in ya dawo, ni in nuna maka yadda ake fitar da ƙwaya tsantsa da yadda ake ciro DNA a auna yawansa a na'urar Qubit. Sa'annan ki je wurin mudir, ba da ƙorafi ba, ki ce in injin ya zo wa zai riƙa shirya samfur, wa zai rubuta ƙa'idar aiki, wa zai tsaya gaban masu duba ISO 17025, ma'aunin ingancin lab, in sun tambayi yadda aka tabbatar da sabuwar hanya? Ki ce ke kina so. Kamfanonin da ke sayar da injin galibi suna horar da waɗanda za su riƙe shi, ki tabbata sunanki na cikin takardar tun kafin a sa hannu. In kuma mudir ya ga kwas ɗin Dubai na da amfani toh bismillah, kamfani ya biya, ke ki ɗauko min turare a hanya.

In bayan shekara kin ga abin ya shiga jininki kina son zurfi, to digiri na biyu za ki nema ba satifiket ɗin otal ba. Jami'ar KAUST na nan Suwal, arewa da Jidda ba nisa, tun 2009 take, tana ɗaukar 'yan ƙasa da baƙi kuma wanda ta ɗauka ita ke ɗaukar nauyinsa, sai dai shiga da wuya, suna son sakamako mai kyau da Turanci. Ranar da za ki nema, abin da zai yi miki magana shi ne ki ce ga ƙwayoyi ashirin da na sauke na tantance na zana bishiyarsu ga bayanin da na rubuta shafi biyu, ga kuma shekara bakwai a benci. Maganar sa'wada da wace kujera aka keɓe wa 'yan ƙasa kuma ba ki faɗa min matsayin takardunki ba, ki bincika wannan da kanki kafin ki ɗora buri kan aikin gwamnati.

Ita kuma Umma ki zauna ki yi mata bayani da Hausa, ki ce aikin gano wace tukunya ce ta sa mutane gudawa kike koyo, za ta gane sarai, ta yi girkin biki ta san yadda ake nuna wa juna yatsa washegari. Ki roƙe ta ta ɗauke miki wanke-wanken dare na wata uku ki samu rabin awar nan. Ranar da kika sauke ƙwayarki ta farko ki ɗauki hoton abin da FastQC ya nuna ki turo min, ko ja ne duka, mu duba tare. Ki gaida min ita da kyau.